Yadda Aka Hana Auta Rawa

Ƙarfe goma na safiyar Talata wayar ta yi ƙara, Auta ta zabura har ƙeyarta ta bugi bango. Ta san mai kiran, ta kuma san lokacin ne, amma jikinta ba ya jiran ta tuna kafin ya firgita. Wata huɗu ke nan tun da tukunyar gas ta fashe a gidan burodin da take aiki. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, abokiyar aikinta da ke tsaye bakin tanderu ce ba ta fito da rai ba. Tun daga ranar, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ƙafafun Auta su sandare, numfashi ya tsaya mata a wuya, ta jiƙe sharkaf da gumi. Yayanta ya ɗauko ta daga ɗakin da take haya ya kawo ta gidansa, aka ba ta ɗakin baya da ke manne da kicin, kuma tun shigarta ba ta sake leƙa titi ba.

Ta lalubo iyafis ta cusa a kunne ta ƙarƙashin ɗankwali.

"Auta, ina kwana? Malamarki ce ta layin asibiti. A zaune na same ki ko a tsaye?"

"A zaune, Malama. Gabana faɗuwa yake."

"To, bar shi ya faɗi, ba gudu za mu yi ba. Sauke ƙafarki ƙasa. Me kika taka?"

"Siminti."

"Da sanyi ko da ɗumi?"

"Da sanyi."

"Danna shi da kyau, ba zai ji zafi ba."

Asibitin da aka kai ta bayan gobarar ne ya haɗa su. Ba su taɓa ganin juna ba. Abin da Auta ta sani na matar bai wuce muryarta ba, da ƙarar biron da take ƙwanƙwasawa a kan tebur, ƙwas, ƙwas, ƙwas, don Auta ta bi da ƙafa. Tun a kiran farko Malama ta gaya mata cewa tsoro irin wannan a jiki yake maƙalewa, baki kaɗai ba ya fitar da shi, sai an motsa jikin. Ta tambaye ta me hannunta ya iya tun kafin tsoro ya zo, Auta ta ce kwaɓin fulawa. Daga nan rawarsu ta samo asali. A tura hannu gaba a fitar da numfashi, a naɗo a ja numfashi, a juya a mayar da nauyi kan ɗaya ƙafar. Fulawa babu, tebur babu, iska kawai take murzawa, tana rausaya dama da hagu.

Kuma abin ya yi aiki. Makon farko daga gado zuwa ƙofar ɗaki ta iya, taku bakwai. Mako na uku ta kai famfo. Juma'ar da ta wuce ta kai har ƙofar gida, ta dafa ƙarfen da tafin hannu tana jin motoci na wucewa, ba ta faɗi ba. Mai gidan burodi ya aiko cewa an gyara wuri, teburinta na nan. Abu ɗaya ya rage wa Auta a duniya: ta buɗe ƙofar nan ta fita da ƙafarta, ta koma bakin aikinta.

"Yau kafaɗunki nake so," in ji Malama. "Girgiza su kamar an watsa miki ruwan sanyi."

Auta ta girgiza, abin ya ba ta dariya, ta yi ta a fili. Rabonta da dariya har ta manta. Tana cikin haka ta ɗaga kai ta ga matar Yaya tsaye a taga da tsintsiya a hannu, baki buɗe.

Da la'asar Yaya ya dawo daga ofis, ko takalmi bai cire ba aka tare shi da labari. Ya kira Auta falo. Shi Yaya ba ya duka, ba ya zagi, ko ɗaga murya bai cika yi ba. Irin mutanen nan ne da za su taka ka, su kuma tsaya jiran ka yi musu godiya.

"Auta, me nake ji haka? An ce ke kaɗai a ɗaki kina rawa, kina magana, kina ƙyalƙyala dariya."

"Yaya, ba ni kaɗai ba ce. Malamar asibiti ce a waya. Magani ne."

"Magani?" Ya dubi matarsa. "Ke kin taɓa jin likitan da ya rubuta wa mutum rawa?"

"Ni dai abin da idona ya gani na faɗa," in ji matar. "Ba kiɗa, ba kowa, tana dama iska da hannu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Da can da take kwance shiru ai da sauƙi. Wannan kam abin ya taɓa kai."

"Anti, iyafis ne a kunnena, ɗankwali ne ya rufe. Ga shi ma."

Ba wanda ya kalli abin da ta miƙa. Yaya ya gyara zama ya sassauta murya, kuma a nan ne ya fi ba Auta tsoro.

"Kin san nan da mako uku dangin yaron nan mai neman Gimbiya za su zo ganin gida." Gimbiya ita ce babbar 'yarsa, shi ya sa mata sunan tun tana goye. "Mutanen nan masu bincike ne. Suka ji an ce akwai taɓin hankali a dangi, shi ke nan, an gama da yarinyar nan. Ke za ki so haka?"

"Ba zan so ba, Yaya. Amma ni ba mahaukaciya ba ce. Tsoro nake ji."

"To, ki ji tsoronki a zaune."

Ranar Juma'a bai je ofis da wuri ba. Ƙarfe goma na yi wayar ta yi ƙara, ya shigo ɗakin ya ɗauke ta daga kan gado ya sa ta a sifika. Malama ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayani dalla-dalla, ta ce idan yana so ya zo asibiti ya ga takardun, ko ya zauna ya saurari yadda suke yi.

"Baiwar Allah," in ji Yaya, "ƙanwata aka kawo muku ku kwantar mata da hankali, kun mayar da ita 'yar rawa. In da gaske likita ce ke, rubuta mata ƙwaya ta yi barci."

"Ranka ya daɗe, barci ba zai fitar da ita ƙofa ba. Ta kusa, wallahi ta kusa. In aka tsayar da ita yanzu, baya za ta koma. Ka bar ni in ji ta bakinta. Auta, kina ji na?"

Auta ta buɗe baki. Yaya ya kalle ta, kallon da yake mata tun tana ƙarama idan ta sa baki a maganar manya. Ta mayar da bakin ta rufe.

"Ba ta da abin cewa," in ji shi. Ya kashe wayar ya jefa a aljihu. "Don ke nake yi, Auta. Wata rana za ki gane."

Daga baya ta ji wayar tana ƙara a ɗakinsa, ranar Talata, da Juma'a, da wata Talatar. Sau ɗaya ta ji matar Yaya ta ɗauka tana cewa, "Ai ta yi tafiya, ta koma wajen dangi. E, ta samu sauƙi sosai. Mun gode." Bayan nan ba ta sake jin ƙarar ba.

Amma hannu bai manta ba. Duk lokacin da abin ya taso mata, sai ta miƙe ta danna ƙafa a siminti, ta riƙa ƙwanƙwasa haƙori a madadin biro, ta tura, ta naɗo, ta juya. Ba ya kai na da, amma yana sauke mata numfashi. Ta koyi yi a ɓoye, lokacin da matar Yaya ta tafi kasuwa. Wata safiya da gida ya yi tsit ta fito tsakar gida tana taku tana rausaya, ta wuce famfo, ta doshi ƙofa. Ta manta da benen maƙwabta. Maƙwabciyarsu matar tela tana sama tana shanya, ta tsaya da rigar miji a hannu tana kallo har ruwa ya gama ɗiga.

Kafin azahar matar tela ta shigo aron turmi, ita da ke da turmi biyu a gida.

"Maman Gimbiya, lafiya kuwa ƙanwar maigidanki? Na ga kamar tana ɗan... motsa jiki."

Da yamma Yaya ya dawo da kwaɗo sabo fil a leda da kafinta a bayansa. Auta tana zaune a gado tana jin ana kafa ƙusa a ƙofarta, kowane bugu na guduma yana sauka a ƙirjinta. Ta toshe kunne da hannu biyu.

"Ka gani ko?" in ji matar Yaya. "Ƙusa kawai ake bugawa."

"Na ɗan lokaci ne," in ji Yaya ta bayan ƙofa. "Kar ki fita titi mota ta kaɗe ki, a ce ban kula da ke ba."

Aka ajiye mata bokiti a lungu. Sau biyu a rana ake buɗewa, a miƙo abinci, a fitar da bokitin. Ɗakin taku bakwai ne a tsaye, biyar a kwance, kuma a cikinsu ta ci gaba da abinta, don in ta tsaya cik sai ta ji kamar bangon na matsowa. Sai dai siminti yana da baki. Matar Yaya na kicin tana jin saukar ƙafa, dim, dim, ta bayan bango, ta kai ƙara cewa abin ƙaruwa yake. Yaya ya biya kemis ya kwatanta wa mai shagon ciwon da bakinsa, aka ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Ba a gaya wa Auta ba. Ita dai ta ji shayin safe ya sauya ɗanɗano, ta ga rana tana wuce ta ba ta san inda ta bi ba.

Ƙwayar ba ta kashe tsoron ba, ƙafafun kawai ta kashe. Abin ya taso mata yadda ya saba, zuciya na dukan uku-uku, ta yunƙura za ta miƙe sai gwiwa ta lanƙwashe. Wannan ya fi komai muni, domin da ta san hanyar fita, yanzu kuwa tana ganin hanyar ba ta iya binta. Da ta gane, sai ta fara juye shayin a bokiti. Kwana biyu kanta ya washe, ta miƙe, aka sake jin dim, dim. Daga ranar matar Yaya ke tsayawa a kanta sai ta shanye, ta kuma ce ta buɗe baki ta gani.

"Ni ma ba daɗi nake ji ba," takan ce. "Kina tsammanin ina son wahalar bokitin nan? Ke dai ki ba mu haɗin kai a wuce wurin."

Ana gobe baƙi za su zo, Gimbiya ce ta kawo abincin rana. Tun tana jaririya Auta ke goyonta, ita ta koya mata murza burodi da ɗan hannunta. Ta ajiye kwano ba ta ɗago kai ba.

"Gimbiya," in ji Auta, harshenta ya yi nauyi, "ara min wayarki minti biyar. Ki nemo min layin asibitin. Muryarta kawai zan ji."

"Goggo, Baba ya hana."

"Ba zai sani ba."

Yarinyar ta fara hawaye. "Goggo, ki rufa min asiri. Gobe kaɗai. Ki daure ki kwanta shiru saboda ni. In suka ji wani abu, wallahi ban san inda zan sa kaina ba. Ba kya sona ne?"

"Ina sonki."

"To, ki yi shiru."

Ta fita, ta mayar da kwaɗon da hannunta.

Washegari tun hantsi gida ya cika da hayaniya. Yaya ya shigo da shayi da kansa, ƙwaya biyu a ciki maimakon ɗaya, matarsa na biye da tsohon zane da ta yayyaga gida uku. Auta ta kalli tsummokaran ta gane. Ta ja jiki zuwa bango.

"Yaya, don girman Allah. Na yi alkawari ba zan tashi ba. Yaya, ni ce fa, Auta."

"Na sani. Ba igiya ba ce, zane ne, mai taushi. Awa uku kawai." Bai yarda sun haɗa ido ba. Ya riƙe mata sawu, matarsa ta ɗaure ƙafafun biyu ta zarga a ƙarfen gado, ta haɗa hannuwan a gaba ta ɗaure. Ya sa yatsa ya gwada ƙullin, ya ce a ɗan sassauta kada ya ji mata ciwo. Har ga Allah a ransa tausayi ya yi.

An aro babbar tukunyar gas saboda girkin baƙi, kicin kuwa ya yi kaɗan, sai aka girke ta a waje, daidai ƙarƙashin tagar Auta. Ba wanda ya yi tunanin komai. Ta ji an jawo ƙarfen a ƙasa. Ta ji an murɗa kan, ta ji hucin nan siriri, sannan warin ya shigo ta tagar ya cika ɗakin. Ashana ta farko ta mutu. Ta biyu ma ta mutu. A ta uku wutar ta kama gaba ɗaya, buf!

Auta ta koma gidan burodi. Ga tanderu, ga abokiyar aikinta ta juyo za ta ce wani abu. Jikinta duka ya ce tashi, danna ƙasa, tura, naɗo. Ta fizgi ƙafa, zanen ya riƙe. Ta fizgi hannu, ya riƙe. Ta nemi siminti da tafin ƙafa, babu, iska kawai. Numfashi ya ƙi shiga, ya ƙi fita. Ta so ta yi ihu, sai ta ji sallamar baƙi a tsakar gida da muryar Gimbiya tana gaishe su a hankali. Ta juya kai ta cusa bakinta a matashi ta cije. Haka ta yi ta fizga ba sauti, gadon na ɗan ƙara, har zanen ya yanke mata fatar idon sawu, har ta jiƙa katifar ba ta sani ba. A falo ana ta dariya, wata tsohuwa tana yaba tsabtar gidan da natsuwar mutanensa.

Ba awa uku aka yi ba, shida aka yi, don hira ta yi daɗi. Da aka raka baƙi, Yaya ya buɗe ɗakin da fara'arsa. Ya tarar da ita idonta a buɗe tana kallon silin. Ya kwance ta, ƙafafun suka zauna yadda ƙullin ya bar su.

"Kin kyauta, Auta," in ji shi. "Ko tarinki ba a ji ba. An sa rana."

Ta ci gaba da kallon silin.

Bayan kwana biyu aka daina ƙwayar, tunda bukata ta biya. Yaya ya dawo mata da wayarta, ya ce ya sa mata sabon layi, tsohon ya karya shi don kada 'yan damfara su riƙa damunta. Ta riƙe wayar tana kallo. Lambar Malama a tsohon layin take, ba ta taɓa haddace ta ba. Ya buɗe ƙofar ɗakin har bango ya ce ta fito ta sha iska, gida gidanta ne, ko titi take so ta je ba mai hana ta.

Ta sauko da ƙafa ɗaya. Kafin ta taɓa ƙasa jikinta ya tuna abin da ya biyo bayan motsi, ya ƙi. Ta mayar da ƙafar ta haɗa gwiwa da ƙirji. Tsoron yana nan, ya ma fi na da, yana cinta daga safe har yamma, amma yanzu ba ya fitowa ko ta yatsa ɗaya. Ƙofa ta wuni a buɗe. Rana ta shigo ta kwanta a bakin gado, ta ja jiki ta fita, Auta na nan inda take.

Matar tela ta shigo mayar da turmi, aka kai ta har bakin ɗakin ta gani.

"Kalle ta," in ji matar Yaya. "Inda kika ajiye ta nan za ki same ta. Ba rawa, ba surutu, ba dariyar nan mai ban tsoro."

"Kai, alhamdulillahi! Ta samu lafiya. Wane magani kuka yi mata?"

"Haƙuri kawai, da kulawa."

Abin da ya fi ci min rai ke nan a labarin nan. Ba wanda ya mare ta, ba wanda ya hana ta abinci, kuma in ka tambayi kowa a layin zai ce maka Yaya ya riƙe ƙanwarsa riƙon amana. Mace ta rarrafo da ƙyar daga cikin tsoro har ta dafa ƙofar gida, mutanen da suka fi kowa kusa da ita suka ga alamar warkewar suka kira ta hauka, suka mayar da ita ciki, sannan suka kira abin da ya rage lafiya. Sun yi haka ne don kada a yi da su, kuma ba a yi da su ba.

Mako guda ƙofar tana buɗe, Auta ba ta taka bakinta ba. Ranar Asabar Yaya ya zo da sukuddireba ya tsaya yana duban ta, tana zaune a lungun gado idonta a kan bango.

"Sannu, Auta. Kin ga yanzu hankalin kowa ya kwanta."

Ya kwance kwaɗon ya kai shi ƙofar sito, inda ake ajiye buhun shinkafa. Ɗakin Auta ba ya bukatarsa kuma.